Kayan Ɗakin Mboni

Abin da mutanen garin Tanga suke kira katako yanzu, a ganin Malama Mwantumu, dusa ce aka kwaɓa da gam, aka danne ta, aka manna mata takarda mai sheƙi don kada a ga fuskarta. Ta koyar da 'yan mata kimiyya a sakandare har kanta ya yi fari fat, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin abin da ta sani ba, ko a gidan biki ko a gidan makoki. Shi ya sa ake gaishe ta da ladabi, amma ba a cika zama kusa da ita ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Wadda take kallo ta ji sanyi ita ce Mboni, 'yar ƙaninta marigayi Kombo. An sa bikin yarinyar bayan babbar Salla, kuma a gidansu gwaggo ce ke riƙe hannun amarya ta tsallakar da ita ƙofar miji. Kombo ba shi da wata 'yar'uwa sai ita. Wannan rana Mwantumu take jira, ko da yake da za a tambaye ta, cewa za ta yi al'ada ce kawai ta mutanen da ba su da aikin yi.

Maman Mboni, matar marigayin, tun kafin damina ta sauka ta je Darussalam ta lodo kayan ɗaki: gado, sif mai ƙofa huɗu, durowa, da teburin madubi, duk farare ƙal masu bakin zinare. Da asuba aka sauke su, aka shigar ɗakin baya wanda bangonsa ɗaya da banɗaki, aka buga wa taga ƙusa, aka cusa tsumma a ramukanta, aka sa kwaɗo. Matan unguwarsu ta Ngamiani ido gare su, in ji ta, kallo ɗaya za su yi wa abu ya lalace. Amma wanda ya sayi abin alfahari ba ya iya haɗiye shi shi kaɗai. Wata hantsi da Mwantumu ta zo, bayan an sha shayi da mandazi, wato fanken ƙasar, Maman Mboni ta zaro makulli daga bakin zaninta ta ce wa gwaggon yara ta zo ta gani, ita ai ta gida ce.

Warin ɗakin ne ya fara yi musu maraba. Mwantumu ta tsaya a bakin ƙofa ta duba. Kayan suna cikin ledarsu yadda suka fito daga shago, an ma ƙara naɗe su da wata. Sif ya jingina da bangon banɗaki kamar maraya. Simintin ƙasa yana gumi. Ta sa yatsa ta cikin ledar, ta fito da shi a jiƙe, ta nuna wa matar ƙaninta.

Ta yi bayani yadda take yi wa 'yan aji, a hankali, da muryar wadda ta san ba za a gane ba. Ta ce a cire ledar nan, domin laima take tarawa. A ja sif nesa da bango, a ɗora komai a kan bulo, a samu fenti a shafe duk bakin da takarda ba ta rufe ba, musamman ƙafafu da baya, don ta nan dusar ke shan ruwa. A ajiye kwanon gawayi a cikin sif. Fiye da komai, a zare ƙusar tagar nan iska ta ratsa.

Maman Mboni ta yi dariya ta ce wato ta buɗe taga duk mai wucewa ya leƙa. Ta ce kowa ya san sabon kaya a leda ake barinsa, haka uwar kowa ta yi.

"Uwar kowa icen mvule mai ƙwari ta saya, ba wannan biskit ɗin ba," in ji Mwantumu. "Ke dai Maman Mboni, in kika bar su haka, kayan nan ba za su ga ranar biki ba."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi, Malama. Ko 'masha Allah' ba ki ce ba."

Gaskiya ne ba ta ce ba. Ta duba bakin zinaren da aka yi da roba, ta nemi abin yabo ta rasa, ta juya ta fita.

Damina ta zo yadda take zuwa Tanga, ruwa ba ƙaƙƙautawa, gishiri ya narke a kwano, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Mwantumu ta aika sau da yawa a tuna wa matar ƙaninta zancen taga. Amsa ɗaya ake kawo mata: an gode, an sa malami ya yi wa ɗakin tofi.

Da ya rage mako guda a yi biki, aka tara 'yan'uwa mata don a kwashi kaya a je jere. Mwantumu ba ta nan, ƙafa ta hana ta, amma labari ya riga azahar zuwa gidanta. Da aka yaye leda, ƙafafun sif sun kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Maza biyu suka kama shi za su ɗaga, ƙasansa ya zauna a inda yake, samansa ya taho hannunsu. Durowa ta ƙi buɗuwa, da aka ja da ƙarfi sai marikin ya fito da guntun dusa baƙa. Allon kan gado ya yi kore. Abu ɗaya ya tsira, teburin madubi, shi ma don an rasa wurin ajiye shi ne aka ɗora shi a kan katifa.

Mwantumu ta zaci za a zo a ce mata ashe ta yi gaskiya. Har ta shirya irin fuskar da za ta yi. Ba ta san mutanenta ba ke nan, duk da tsufanta a cikinsu. Matan da suka tsaya a ɗakin, har da waɗanda ta koya wa yadda ruwa ke zama tururi, suka tambayi wa ya taɓa ganin kayan. Mutum ɗaya. Me ta ce? Aka maimaita maganarta kalma kalma. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Babu wadda ta dubi bangon banɗaki. Laima ba ta da gida a unguwa, ba a iya daina gaishe ta, ita kuwa Mwantumu kowa ya san ƙofarta.

Washegari Mboni ta zo da kanta, idanunta sun yi ja. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar gwaggonta. Kawunnanta na wajen uwa sun yi alkawarin sayen sabon gado, ta ce, wannan ya wuce. Amma Mama ta rantse hannun wadda bakinta ya rushe sif ba zai riƙe 'yarta ba, sai in Gwaggo ta zo ta yi alwala a cikin kwano gaban mutane, a zuba ruwan a kan abin da ya rage, don a karya idon. In ba haka ba, wata 'yar'uwar Mama ce za ta kai ta.

"A zuba ruwa," in ji Mwantumu. "A kan teburin."

"Eh, Gwaggo."

"Ke ma kin yarda ni na ci kayanki?"

Mboni ta ce ita ba ta san komai ba, ita dai hannun Gwaggo take so, don shi ne ya yi kama da na babanta.

Mwantumu ba ta musun ido, ta karanta abin da aka karanta a littattafan addini. Abin da ta raina shi ne mutumin da zai jiƙa dusa ya rufe ta da leda, sa'an nan ya fita neman maye. Yin alwalar nan kuwa sa hannu ne a kan laifin, daga ranar duk jaririn da ya yi zazzaɓi a Ngamiani za a tuna ko ta wuce ta ƙofar gidan. Ta san wannan sarai. Ta dubi yarinyar, ta ce ta miƙo mata mayafinta.

Tsakar gidan ya cika da mata, kowace ta zo da fuskar jaje da kunnen gulma. An fito da teburin madubi an girke a tsakiya. Maman Mboni ta ajiye kwano da buta ba tare da ta ɗaga kai ba. Mwantumu ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta naɗe hannun riga, ta wanke fuska da hannaye da ƙafafu a cikin kwanon, a natse, tana bin matan da kallo ɗaya bayan ɗaya har kowace ta sunkuyar da kai. Da ta gama ta ce, tunda ruwanta ne, a bari ta tsoma yatsa ta ɗiga a kan gilashin kawai, ya wadatar.

Maman Mboni ta ce ba a yi wa magani rowa. Ta ɗaga kwanon ta juye shi duka daga sama. Ruwan ya gangara ta bayan madubin inda babu takarda, ya bi gefen durowa, ya taru a ƙafafu. Mwantumu tana kallon bakin allon yana shanye shi, farin yana komawa ruwan ƙasa. Matan suka sauke ajiyar zuciya, wata ta ce alhamdu lillahi, yanzu kam ya tsira. Aka kawo leda aka naɗe shi da jiƙonsa, aka mayar ɗakin baya.

"Ranar Alhamis ki zo da wuri, Gwaggon yara," in ji Maman Mboni. "Ke za ki kai ta."

Mwantumu ta buɗe baki za ta ce wani abu game da teburin. Mboni ta matso ta kama hannunta, wanda bai gama bushewa ba, ta riƙe gam. Tsohuwar ta rufe bakinta, ta tambayi ƙarfe nawa.