Ɗigon Dalma Guda

…ga ƙafafuna sun yi tsami, tun safe ina tsaye bayan jan salatif ɗin nan da suka manna a ƙasa. Malamai nan, yara can. Dokar gasar ke nan: ɗalibai su ƙera robot ɗinsu da kansu, malami ya yi ta baki kawai. Aka ga hannun babba a aikin, an kore ku, ba roƙo ba magiya.

Ta baki kawai. Uhm. A je a faɗa wa teburin can na bakin taga mana — makarantar masu fararen riguna — iyaye huɗu duk injiniyoyi, akwatin kayan aiki har taya gare shi, allunan wayoyi shida a leda ko ɓarewa ba a yi ba. Ɗaya ya ƙone, su yar, su ɗauko wani. Mu fa? Ɗaya tal. Injin da ke juya tayoyinmu ma daga matacciyar firintar ofishin shugaban makaranta muka ciro shi, ɗalibina Dogo ya yanke yatsa wurin cirowa, jini na zuba yana ta dariya… Kunkuru suka raɗa wa abin. Ba ya sauri, amma yana isa.

Ga alƙaliya ta iso teburinmu, da tabarau, da biro. Auta ce mai bayani, ita ce shugabar yarana. Shekara goma sha huɗu, baki ba ya hutawa. Wata biyar tana zama bayan an tashi, ni ina gyangyaɗi a kujera, ita tana ƙone yatsu wurin liƙa wayoyi da dalma. Liƙin nata kuwa, Allah sarki… kowane ɗigo dunƙule guda, baƙi-baƙi, sai ka ce kashin awaki. Sau nawa na ce musu ko ya yi muni, in dai ku kuka yi, ni ya ishe ni? Da bakin nan nawa na faɗa.

Ramin hanya ne ya ja. Da safen nan bas ta faɗa, akwatin Kunkuru ya yi tsalle — mun iso, yara sun tafi layin karɓar katin suna, na buɗe murfi, ga jar waya ta cire tana reto. Saura minti ashirin a fara duba. In kira Auta? In ta tsorata, za ta daɗe da ƙarfe mai zafi a kan allo, allon ya ƙone, sai mu hau bas mu koma da gawa. Ga soket a bayan tarin kujeru. Ba kowa. Daƙiƙa biyar, na liƙe wayar da kaina…

Baba a shagonsa na gyaran rediyo, yana buge min hannu: kar ka tara dalma, yaro, shafa ta ake yi. Shekara tara ina shan wannan bugun. Yanzu hannun nan bai iya mummunan liƙi ba ko na roƙe shi. Me ya hana ni ɓata shi kaɗan? Ban ma yi tunani ba. Na rufe murfi, ban faɗa wa kowa ba.

Alƙaliya ta kifa Kunkuru. Biro na bin wayoyi, ɗaya, ɗaya, ɗaya… ya tsaya. Daga nan ma ina hango shi, sumul, yana ƙyalli a tsakiyar 'yan'uwansa.

"Wannan fa, 'yata, wa ya liƙa shi?"

Auta ta sunkuya. Ta san kowane ɗigo a allon nan, ta san ranar da ta yi shi da yatsan da ya ƙone. Ta gani. Wuyanta ya sandare. Ba ta kallo ni ba — ta san in ta kallo, an gama. Dogo ya ɗaga kai yana ƙirga fankoki.

Taku ɗaya ne. In tsallaka salatif, in ce ranki ya daɗe, ni ne. Sai me? A cire su, wata biyar ya bi iska, masu injiniyoyi huɗu su ɗauki kofi suna murmushi? Su waye ma ba a taɓa musu ba a zauren nan? Duk an taɓa… an taɓa, amma su an koya musu abin da za su ce. Ɗaga ƙafa mana, malam. Ɗaga. Ta ƙi ɗaguwa.

"Ni ce," in ji Auta. "Shi na yi daga ƙarshe, hannuna ya riga ya faɗa."

Ko gargada babu. Har da ɗan murmushi. Alƙaliya ta gyaɗa kai, ta rubuta maki, ta wuce.

Mun tsira. Ai mun tsira ke nan, ko? Yarinyar da ta taɓa kawo min kanta ƙara don ta kwafi amsa ɗaya… wata biyar ban iya gyara mata liƙi ba, ƙarya kuwa cikin safiya guda ta ɗauke ta tsaf. Kunya nake ji. Na gaji, wallahi na gaji.

An kira sunan makarantarmu. Auta ta ɗauki Kunkuru, ta ajiye a bakin fili. Duk yaron da ya zo nan sai ya waiwayo ya ɗaga wa malaminsa hannu. Na ɗaga nawa tun kafin… yana sama… an busa usur.

Ba ta waiwayo ba.