Sakin da Aka Rataya a Kan Sifili

Duk Daura an san Malam Abdulbaƙi, tsohon malamin lissafi, da taurin kai. Shekara ashirin yana bin wani jerin lambobi: kowace lamba daga biyar ɗin da suka gabace ta ake fitar da ita, a ninka wannan, a ɗebe waccan. Tambayarsa ɗaya ce: jerin zai taɓa faɗawa kan sifili?

Ranar da matarsa Haulatu ta hura wuta da takardunsa, ransa ya yi mugun ɓaci. Maimakon ya yi faɗa irin na mutane, wai shi mai ilimi, sai cewa ya yi, "Ranar da jerin nan ya kai sifili, na sake ki!" Ga shi kuwa igiya ɗaya ta rage musu.

Haulatu ta zura hijabi sai kotun shari'a, a faɗa mata matsayin aurenta. Aka kira Malam ya zo.

Alƙali ya ce, "Malam, jerin nan zai kai sifili ko ba zai kai ba?"

Kai, zo ka ga murna wurin Malam! Yau an tambaye shi a bainar jama'a. Ya gyara hula ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai nan gizo ke saƙa. Masanan duniya kaf ba su gano hanyar da ke yanke wa kowane jeri irin wannan hukunci ba."

"To madalla," in ji alƙali. "A wurinmu, sakin da aka rataya a kan abin da ba a iya sani, nan take yake aukuwa."

Malam ya dubi Haulatu. Shekara talatin da ɗaya da aure! Wallahi yana son matar nan.

Alƙali ya tausaya masa. "Kai ne masanin. In ka tabbata ba zai kai ba, faɗi, ka ɗauki matarka ku tafi."

Haulatu ta zuba masa ido. Ba ta ƙi ba, kalma ɗaya take jira. Malam ya share gumin da ke bin gemunsa.

"Ina kyautata zato," ya ce a hankali, "amma ba ni da hujja."

Haulatu ta miƙe ta gyara hijabinta.

"Sauran takardun suna ƙarƙashin gado, Malam. Ban taɓa su ba."