Kafso a Tafasasshen Shayi

Auta yana da ƙafa, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya hau keke ya kama tudu, sauran 'yan ƙungiyar sai dai su bi ƙeyarsa da kallo. Matsalarsa ɗaya ce: duk ranar da ya yi gudu mai tsanani, bayan kwana biyu sai jikinsa ya ci amanarsa. Mura ta shaƙe shi, ciki ya ɓaci, zazzaɓi ya biyo baya. Sau uku ke nan ciwo yana kwantar da shi a bakin tsere. Mai horar da ƙungiyar kuwa ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, tseren Lahadi na tantancewa ne, mutum biyu za a ɗauka zuwa babbar gasa, wanda bai hau ba ya nemi wata sana'ar.

Yayansa ne ke yi masa tausa, shi ke cika masa gorar ruwa, shi ke tashinsa da safe. Shi ma ɗan tsere ne a da, kafin mota ta lalata masa gwiwa. Mutum ne mai zuciya a kusa, kuma a kan Auta ba ya ji ba ya gani. Kowa a ƙungiyar Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Likitar ƙungiyar ce ta zaunar da su ta yi musu bayani, cewa bayan wahala irin wannan garkuwar jiki takan yi sanyi na ɗan lokaci. Ta ba su wani kafso mai ɗauke da ƙananan halittu masu rai, irin masu amfani a hanji. Ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce dai wasu suna dacewa. Sharaɗi biyu ta kafa: a ajiye a firji, a sha da ruwan sanyi.

Yaya ya riƙe na farko gam. Na biyun ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Ga yadda abin ya lalace. In Auta ya sauko daga keke bayan awa biyar, maƙogwaronsa ba ya karɓar kafso, da ya sa a baki sai kakarin amai. Sai Yaya, sarkin dabara, ya samo hanya. Ya buɗe kafson ya juye garin a filas ɗin shayi mai tafasa, ya girgiza, ya miƙa wa ƙanensa yana jin kansa gwani. Kai jama'a! Wata biyu cur bawan Allah yana dafa halittun nan da hannunsa, kuma kullum sai ya leƙa firji sau uku don kada zafi ya taɓa su.

Firjin yana gareji, ƙasan ɗakunan kwanan 'yan tseren, kuma soket ɗaya suke rabawa da injin iskan bakaniken ƙungiyar. Bakaniken dattijo ne siriri, farcensa baƙi da giris, bakinsa kuma ba linzami. Ya taɓa ganin Yaya yana haɗa shayin ya yi dariya, ya ce wa ya ga mai dafa magani. Yaya ya ce ya ji da tayoyinsa.

Ran Talata aka yi atisaye mafi zafi. Ran Alhamis da safe Yaya ya taɓa goshin Auta ya ji zafi rau. Ya ja masa bargo, ya sauka gareji yana ɗingishi don ɗauko kafso, sai ga wayar firji a ƙasa, injin iska yana ta gurnani a madadinta.

Bai yi sallama ba. Ya tambayi bakanike tun yaushe yake cire wayar nan. Bakanike, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce minti goma ne, taya shida zai cika ya mayar. Yaya ya ce ƙarya yake, kullum haka yake yi, kuma dole ya faɗi wanda ya sa shi. Dattijon ya ce in yana neman wanda zai ɗora wa laifi ya je gaba.

Marin da Yaya ya kwaɗa masa ya yi ƙara har 'yan tsere uku da ke wanke kekunansu a waje suka leƙo. Bakanike ya yi taga-taga ya faɗa kan teburin aiki, noti da kusoshi suka watse a ƙasa. Ya tashi ya kai naushi, ya sami Yaya a leɓe. Suka rungume juna suka yi ta bugun bango, keke biyu suka zube. Yaya ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya shaƙe shi da wuyan riga, ya buga kansa da ƙofar firji sau biyu, jini ya ɓalle daga girarsa ya rufe masa ido ɗaya.

Dattijon ya tofar da jini, ya dube shi da idon da ya rage.

"Ni ka kashe ni in ka ga dama," ya ce. "Amma kai ka kashe maganin. A tafasasshen ruwa kake zuba masa. Abu mai rai, Yaya."

Nan take maganar likita ta dawo masa, kalma bayan kalma, har da yatsan da ta ɗaga lokacin da ta ce ruwan sanyi. Ya san gaskiya ce. Da mai hankali ne da ya saki rigar ya zauna. Amma kunya ce ta kama shi a gaban yara uku, ita kuwa kunya a jikin irinsu Yaya wuta take zama. Idonsa ya rufe. Ya rarumi famfon iska na ƙarfe ya sauke wa dattijon a haƙarƙari, ya ƙara masa a cinya. Bakanike ya durƙushe ya kare kansa da hannu biyu. 'Yan tseren suna ta a bari a bari daga bakin ƙofa, ba wanda ya yarda ya matso, kowa yana tattalin jikinsa saboda Lahadi.

Auta ne ya ji hayaniyar daga sama. Ya sauko ba takalmi, bargon yana jan ƙasa, ya kutsa tsakaninsu daidai lokacin da Yaya ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu. Ya miƙa hannun dama don ya tare.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen kara. Auta bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa cikin man inji yana kallon tsintsiyar hannunsa da ta lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasawa. Famfon ya suɓuce daga hannun Yaya. Injin iska yana nan yana gurnani, sai da ɗaya daga cikin yaran ya je ya kashe shi.

A asibiti aka yi wa bakanike ɗinki bakwai, aka ce haƙarƙari biyu sun tsage. Aka sa wa Auta filasta har gwiwar hannu. Kafin la'asar, abin baƙin ciki, zazzaɓin ya sauka da kansa. Likitar ta duba maƙogwaronsa ta ce 'yar mura ce, da ya huta kwana biyu da ya hau kekensa lafiya lau. Hannun kuwa sati takwas.

Yaya yana tsaye a bakin gado, leɓe a kumbure, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya buɗe baki zai yi magana, Auta ya riga shi, idonsa a bango.

"Ka ce wa Umma faɗuwa na yi a keke."

Mai horarwa ya sallami Yaya a ranar, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gareji.

Ran Lahadi Yaya ya je wurin tseren duk da haka. Ya tsaya nesa, bayan wata katanga, a gefen babban tudun. An rasa mai miƙa ruwa a wurin, sai Auta ya ce a ba shi aikin. Ga shi can a bakin kwalta, filasta a rataye a wuya, gora a hannun hagu. Ayarin kekuna ya kunno kai yana huci, waɗanda kullum yake bari a baya su ne yau a gaba. Auta ya miƙa wa na farko gorar, hannun bai saba ba, ta suɓuce ta gangara cikin tayoyi. Ya sunkuya da sauri ya ɗauko wata, ya miƙa wa na biyu.