Saƙon Ɗan Malama

"Sake karantawa," in ji Malama daga kan gado, idonta a rufe.

Maiɗinki ta gyara riƙon wayar. Wata takwas ke nan tana shiga ɗakin nan kullum da hantsi, ita kaɗai, Malama na koya mata karatu kyauta. Mutanen layi kuwa ce musu take awon riga take zuwa yi. Matar mai shago ta ce ko rigar giwa ce ai da an gama.

Malama ta shekara talatin tana koyarwa kafin ciwon suga ya cinye mata ido, ya kwantar da ita. Ba ta taɓa sa Maiɗinki sayen littafi ba. Kwalin magani, takardar asibiti, duk abin da hannu ya kai shi ne darasin ranar. Ran nan saƙon ɗanta ne ya shigo, ɗan nan ɗaya tilo da ke aiki a nesa, wanda ta kwana uku tana ambato.

Maiɗinki ta riga ta bi saƙon a zuci, abin da ta gani kuma bai yi mata daɗi ba. Shi ya sa ta maimaita abin da ta faɗa da farko, wai yaron yana hanya, gobe da safe zai iso.

Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ke da sunanki ma sai kin huta sau biyu a tsakiya, yau kin zama mai karanta labarai a rediyo? Ɗora yatsa, ƙanwata. Abin da ke rubuce nake so."

Ta ɗora yatsa. Ta bi saƙon harafi harafi. Bai samu izini ba sai Asabar. Yana roƙon Mama ta yafe masa, ta jira shi. Ranar kuwa Talata ce.

Malama ta ce babu kuskure ko ɗaya. Ta ce tunda an iya karantawa, sai a ba da amsa. Maiɗinki ta kusa rabin awa tana danna wayar da yatsa ɗaya, tana gogewa, kafin ta haɗa abin da aka faɗa mata: na yafe, ka taho a hankali.

Alhamis da la'asar Malama ta cika.

Da ɗan ya iso ranar Asabar, ya tambayi matan da ke tsakar gida wa ya rubuta masa saƙon, tunda uwarsa ba ta gani. Aka yi ta kallon juna.

"Ni ce," in ji Maiɗinki. "Ita ta faɗa, ni na rubuta."

Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya buɗe wayar. Ita kuma ta tsaya a bayansa tana leƙen kafaɗarsa, leɓɓanta na motsi a hankali.