Rodin Ginin Asibiti

Shekarar injiniyar tara a kamfanin da ke yi wa gwamnati gine-gine. Ranar da ta auna rodin ƙarfen da aka kawo don ginin asibiti, sai ta tarar bai kai kaurin da ke rubuce a takardar kwangila ba.

Ta nufi ofishin jami'in ɗa'a, dattijon da take kira Baba, wanda kullum yake musu huɗuba cewa duk wanda ya ga ɓarna ya faɗa, za a rufa masa asiri.

Ya ce, "Rubuta ki ba ni, 'yata. Daga ni sai ke sai Allah."

Washegari manaja ya kira ta. Ga takardarta a kan teburinsa, ga Baba a gefe yana ta goge tabarau.

Manaja ya yi murmushi ya ce, "Ashe muna da mai kaifin ido. Daga yau kin koma sito."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ba don siton ba. A baranda Baba ya biyo ta, ya rage murya. "Ina da iyali, ki fahimce ni."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ni ma ina da su." Ta wuce karɓar makullai.

Da la'asar aka zuba kankare a kan wannan rodin.