Kifin da Eilif Ya Dafa

"Wace leda ka ce ka ɗauko?"

"Ta burodi mana, wadda take can ƙarƙashin wake a firiza," in ji Eilif, bai ko waiwayo ba, yana ta juya ludayi cikin tukunya. "Ba Kawu Torleif ne ya kawo ba? Na gane ƙullinsa."

Tuva ta yi tsaye a ƙofar kicin, rigar ruwanta na ɗiga a kan katako, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Gidan duk ya gauraye da ƙamshin man shanu da madara da karas. Ba su daɗe da aure ba, har yanzu in ta hango ƙeyarsa sai ta ji zuciyarta ta yi tsalle. Yau ma ta yi tsallen, sai dai ba ta diro daidai ba.

Lallai Kawu Torleif ne ya kawo, sai dai wurin aiki ya kai mata. Ƙanen mahaifiyarta ne, masunci, ya kuwa saba aiko musu da kifi cikin ledar burodi. Amma wannan daban ne: faffaɗa kamar faifai, da baƙin tabo a kowane gefe, ƙayoyin bayansa zaro-zaro. Kifin ruwan ɗumi ne da ya biyo teku har ruwansu mai sanyi na arewa. Gidan adana halittu na gundumarsu, inda Tuva ke kula da sashen kifaye, bai taɓa samun irinsa ba. Firizar wurin aiki kuwa ta cika maƙil da mujiyoyi da bushiyoyin da mutanen gari ke tsinta a titi su kawo, shi ya sa ta taho da shi gida, yadda duk abokan aikinta suke yi. Gobe da safe za a buɗe sabon zauren baƙin halittun teku, yaran makaranta za su cika shi, an kuma ware wa kifin akwatin gilashi na tsakiya, har an rubuta sunansa a jiki. Gunvor, shugabar gidan, tana hanya yanzu haka za ta ɗauke shi.

"Eilif, ba ka ga takarda a jikinsa ba?"

"Babu wata takarda."

"A bakinsa take. A baki muke sawa."

"Wa yake leƙa bakin kifi?"

"Ni. Aikina ke nan."

Sai a nan ya juyo. Ya dube ta, ya dubi tukunya, ya zura ludayi ya tsamo wani ɗan farin abu da ke yawo tsakanin karas. Irin takardar nan ce da ruwa ba ya ci, rubutun fensir ɗinta raɗau a kai.

"Na ɗauka ganyen ƙamshi ne ya koɗe," ya ce a hankali.

Ta so ta yi kuka, har ta shirya fuska, sai dariya ta riga hawayen fitowa. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa tana rungume da takalmi, tana yi har numfashi na ƙwace mata. Eilif ya durƙusa gabanta, kunnuwansa sun yi jawur.

"Ki zage ni mana. Wannan dariyar ta fi ba ni tsoro."

"Sarkin girki, ina kan?"

"Yana ciki. Ai da kai ake yin romo."

"Kayan cikin fa?"

"Kyanwar maƙwabta ta gode."

Wata dariyar ta taso, ta danne ta da ƙyar, don wani abu ya faɗo mata a rai. Nama ya tafi, fata ta tafi, amma ƙashi yana nan. A cikin kan kowane irin kifin nan akwai 'yan duwatsu biyu farare, duwatsun kunne, kowane jinsi da siffar nasa. In aka same su, babu mai musun wane baƙo ne ya shigo ruwansu.

Eilif ya miƙa hannu zai ɗauko rariya, ta riƙe shi.

"Kul. Ƙayoyin sun yi laushi, in ka juye za su kakkarye. Ba abin da ya kai harshe iya tsince ƙaya. Kashe wutar, kawo cokula."

Ta shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ta zaro hantsaki daga jakarta. Suka zauna suna shan romo a hankali kamar masu jinya, duk abin da ya taɓa haƙori sai a fito da shi a ajiye. Abin haushi, romon ya yi daɗi. Tuva ba ta taɓa shan irinsa ba, kowane cokali sai ta ji kamar ta ci amanar ilimi, ta kuma kai hannu ta ƙara. Sannu a hankali kifin ya fara dawowa a kan tawul: ƙashin baya a jere, haƙarƙari, dogon muƙamuƙin nan mai turowa gaba.

"Wannan na ina ne, uwar kifaye?"

"Wannan albasa ce, masoyi."

Suna cikin haka aka ƙwanƙwasa. Gunvor ta shigo da akwatin ƙanƙara a hannu, doguwa, furfura a aske gajere, macen da Tuva ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa ganin haƙoranta ba.

"Ina baƙon namu?"

Idonta ya bi tawul, ya bi tukunya, ya tsaya a kan takardar da ke shanye a bakin faranti. Eilif ya miƙe ya ja mata kujera, ya miƙa mata cokali da hannu biyu.

Gunvor ta ajiye akwatin, ta zauna, ta kurɓa. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Kun sami duwatsun?"

"Tukuna."

"To ku matso da tukunyar."

Ana dab da ganin gindin tukunya Gunvor ta tsaya cak, ta sa yatsu biyu a baki ta fito da wani ɗan farin dutse da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tuva ta karɓa da hantsaki, ta ɗaga shi wajen taga. Shi ne. Na biyun Eilif ya samu maƙale a dasashinsa, ya ɗaga hannu sama kamar ya ci gasa.

Gunvor ta goge bakinta. "Shaida ta samu. Amma yara ba dutse za su zo gani ba. Ina jin mu lulluɓe akwatin da ƙyalle, mu ce ana gyara."

Tuva ta dubi kifinta shimfiɗe a kan tawul, fes, kowace ƙaya a mazauninta. Ta tuna tambayar da yara ba sa fasa yi mata a gaban kowane gilashi: ana ci? Da daɗi? Shekara da shekaru tana ce musu ba ta sani ba. Ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi a bayanta.

"Ba za a lulluɓe komai ba. Ƙashin zai shiga gilashi a haka, da tukunyar a gefensa. Kai kuma, sarkin girki, ka goge rigarka. Gobe kai za ka tsaya ka gaya wa yaran yadda ɗanɗanonsa yake."