Hanash a Tankina

Likita ne ya jawo mini. Ya auna jinina, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in nemi abin da zai riƙa kwantar mini da hankali bayan aiki. Shekara ashirin da uku ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a Iskandariya, na san hankalin nan ya wuce kwanciya, amma na bi umarni. Na sayi tankin gilashi na kifin ado.

Ni ɗan Idku ne, wani gari a bakin tafki. Ubana masunci, kakana masunci, yayana Hamuda har yau a ruwa yake wuni. Ban yi karatu don son ilimi ba, na yi ne don in daina ƙarni. Shekara huɗu na yi a jami'a ina shinshina hannun rigata kafin in shiga aji. Abin da nake so a falona shi ne kifin da ba a ci, ba a feɗe shi, ba ya wari, aikinsa kawai ya wuce ya dawo. Wato kifin da shi ma ya bar gida.

Girgis, wani tsoho mai shagon kifin ado a unguwar Muharram Bek, shi ya karanta mini dokoki, yana kirana Ustaz kamar yadda ake kiran kowane malamin makaranta a nan.

"Ustaz Mamduh, ka wanke tsakuwa har ruwan ya fita fari. Ka dasa ciyawa, ka kunna injin kumfa da hita, ka bar shi sati biyu babu kowa a ciki."

Na yi yadda ya ce. Matata Nagwa ta tsaya da tiren shayi tana kallona ina kallon tankin.

"Sati biyu kana gadin ruwa," in ji ta. "Da ka yi magana, ga teku can kyauta."

Bayan sati biyu na kawo kifi goma sha biyu, kowanne bai wuce farce ba, da zanen shuɗi da ja a gefe, da wasu biyu masu faɗi kamar ganye. Kwana goma na yi cikin salama. Ina tuna su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Yaya Hamuda ya buga ƙofa, da bokiti a hannunsa an rufe da buhu. Mutanenmu ba sa shiga gidan ɗan'uwa hannu wofi. Ya gaisa, ya ga tankin, ya sunkuya har hancinsa ya bar shaida a gilashin.

"Ustaz, mene ne wannan?"

"Kifi ne, Yaya."

"Na ga alama. Yaushe za su girma?"

"Sun gama girma."

Ya dube ni kamar mai yi mini ta'aziyya. Sannan ya juya ga Nagwa. "Da wannan yake ciyar da ke, baiwar Allah? Ɗan gidanmu yana kiwon ƙwari a gilashi, ana cewa ƙanen Hamuda ne. Ina zan kai fuskata?"

Kafin in buɗe baki ya ɗaga bokitin ya juye a ciki.

A wurinmu, in an kawo hanash da rai, duk ruwan da aka samu a gida nan ake ajiye shi har ranar girki, baho ne ko randa. Hamuda ya ga ruwa, ya yi abin da ake yi. Hanash kifi ne a wajen masu ilimi, a wajen ido kuwa maciji ne da ya rasa hanya. Wannan ya kai tsawon hannuna, baƙi-baƙi, kauri kamar tiyo, jikinsa duk yauƙi. Ya sauka ƙasa tare da taɓon tafki, ya tumɓuke ciyawata, ya cusa kai ƙarƙashin tsakuwar da na wanke da hannuna. Ruwan ya koma kalar wankin kwano. Warin da na gudu wa shekara talatin ya zauna a kujerata.

"Yaya, don Allah ɗauke abinka."

Nan na yi kuskure. Ba a mayar wa masunci kyauta, balle babban wa, balle a gaban mace. Wuyansa ya kumbura.

"Kyautata kake kora? To ji nan! Na rantse da igiyar aurena, Sabah sakakkiya ce in kifin nan ya bar gidan nan ba a cikin cikinmu ba! Kuma ni zan dafa shi da hannuna, don matarka ba ta iya ba. Yau ina da gaisuwar mutuwa a unguwar Bahari. Juma'a mai zuwa."

Ya sha shayi, ya tafi.

Mutanenmu suna rantsuwa da saki kamar yadda wasu ke cewa wallahi, a kan ƙarin shayi, a kan wa zai fara shiga mota. Bambancin Hamuda shi ne yana yarda da tasa. Na kira shi a waya na ce na sha jin malamai suna cewa irin wannan rantsuwar ana iya warware ta da kaffara, ya je ya tambaya.

"In je gaban shehi in ce maganata ta fi ƙarfina?" in ji shi. "Kai dai ka kula da kifi."

Haka auren shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya shida ya dawo falona, yana kwance a ƙarƙashin tsakuwa.

Juma'a ta zo, Hamuda bai zo ba, injin jirginsa ya lalace. Ta biyu, 'yarsa ta haihu. Idku tafiyar awa guda ce a ƙaramar bas, amma da alama an matsar da ita. A halin nan kifayena suna ta raguwa. Kowace safiya in na kunna fitilar tankin sai in tarar an yi rashi, hanash kuma ya leƙo da ɗan kansa, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar mai yi mini addu'a. Na ƙarshe cikin masu faɗin nan rabinsa na samu, yana yawo a saman ruwa da ido ɗaya.

Girgis ya ce yunwa ce, in riƙa ba shi tana da hantar kaza. Ni da na rubuta kundi a kan yadda bakin kogi ke cika da rairayi, na koma yanka ɗanyar hanta ƙanana-ƙanana kafin in tafi makaranta. Nagwa ta samu gwangwanin tana a firji, kusa da cuku. Ta ɗauko ta ajiye a kan matashin kaina.

Wata safiya a sati na huɗu na fito wanka na tarar tankin babu kowa. A kan darduma akwai wani layi mai ƙyalli kamar majina, ya bi ta ƙarƙashin tebur ya nufi ƙofar waje. Nagwa ta bar ƙofar a buɗe don mai kwasar shara. Ga hanash can yana murɗawa, ƙura da gashi sun manne masa, saura taku biyu ya haye dokin ƙofa.

"Mamduh, kama shi!" Nagwa ta ƙwala ihu. "Zai saki Sabah!"

Na faɗa masa da tawul ɗin da ke ƙuguna. Ya zame ta tsakanin yatsuna, ya nannaɗe mini hannu, sanyi da santsi har gwiwar hannu. Na rungume shi a ƙirji kamar jariri, ni kuma tsirara. Maƙwabcinmu, wani akawun kotu mai ritaya, yana saukowa daga bene a lokacin. Ya ce mini barka da asuba cikin ladabi, kuma tun ranar bai sake haɗa ido da ni ba. Sau uku na sake wanka, yauƙin yana nan a gashin ƙirjina.

Da yamma Sabah da kanta ta kira.

"Ya baƙon naku?"

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya Sabah. Mun tare shi a bakin ƙofa."

"To," in ji ta. "Allah ya yi yadda ya so." Har yau ban san ko godiya ce ba.

A sati na biyar wasu fararen ɗigo suka fito masa kamar an barbaɗa gishiri. Ya daina cin hanta, ya kwanta a gefe guda. Na zauna na yi tunani irin na mai digiri. In ya mutu, dole a fitar da gawar, in an fitar ya bar gida, in ya bar gida Sabah ta tafi, kuma duk Idku za ta ce ƙanen nan ɗan boko ne ya raba auren yayansa don ƙyamar kifi. Na ruga wajen Girgis, ya ba ni wata 'yar kwalba ta shuɗin magani. Ni da kullum nake gaya wa ɗalibai su karanta tambaya kafin su amsa, ban karanta jikin kwalbar ba. Na ɗiga kwana shida. Ruwan ya yi shuɗi, yatsuna suka yi shuɗi, hanash ya warke ya ƙara ƙiba.

Hamuda ya iso a sati na bakwai, da tukunyar ƙasa, da albasa, da ƙullin toka don goge yauƙi, da wani bokitin. Ban taɓa murnar ganin ɗan'uwa haka ba. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu, ya cafko hanash ta bayan kai da yatsu uku, abin da ni na yi da dukan jikina. Ya kai shi hanci. Ya sake shinshinawa.

"Ustaz, me ya sa kifina ke warin asibiti?"

Na yi bayani. Nagwa ta ɗauko kwalbar, ta sa tabarau, ta karanta da murya irin ta mai labarai: kada a sa wa kifin da za a ci.

Na kira Girgis na tambaye shi kwana nawa maganin ke yi kafin ya fita daga tsoka.

"Ci za ku yi?" in ji shi. "Ustaz, ai ba ka ce mini abinci ba ne. Ni dai ko bayan shekara ba zan sa shi a baki ba."

Na dubi abin yana lanƙwasa a hannun yayana, na ce, "Yaya, dafa shi. Zan ci. In na mutu na mutu."

"Hannuna ba ya dafa guba." Ya mayar da shi cikin tankin a hankali. "Kifi ma sai da ka sa ya yi boko."

"To yanzu fa?"

"Yanzu me? Ba ya fita, ba a cinsa. Yana da ruwan ɗumi, yana da hanta, yana da likita. Ya fi ni gata."

"Shekara nawa suke yi?"

Ya ɗan yi tunani. "Ka tuna wanda Baba ya jefa a rijiyar gida shekarar da aka haife ka? Shi ya binne Baba."

Sannan ya yaye buhun da ke kan sabon bokitin, don ba ya shiga gidan ɗan'uwa hannu wofi. Wani hanash ne a ciki. Ya miƙo mini ƙullin tokar ya ce in goge, in dai ban manta ba. Abin haushi, ban manta ba. Muka ci shi da albasa da jar shinkafa a nan falon, kitse na bin haɓata, na tankin ya leƙo kai yana kallonmu. Hamuda ya rantse bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Da ya fara ambaton igiyar aure na cusa masa burodi a baki.

Shekara biyu ke nan. Na sa wa tankin murfi, na ɗora bulo biyu a kai. Kifi masu zanen shuɗi da ja ina ganinsu a shagon Girgis in na je sayen tana. Sabah tana kira duk sallah ta tambayi lafiyar hanash kafin tawa.

Watan jiya likita ya sake auna jinina, ya dubi allon, ya tambaya ko na sami abin kwantar da hankalin. Na ce na samu. Ya ƙara mini ƙwaya ɗaya da safe. A hanyar gida na tsaya wajen mai kaji, tun kafin in yi magana ya fara ƙulla hantar.